Yadda ake tattalin ƙarfi idan likita ya hana taka ƙafa

Wanda ya karye a haɗarin kabu-kabu, aka yi masa ɗori ko aiki a asibiti, likita kuma ya hana shi ɗora nauyi a kan ƙafar, yakan yi mamakin yadda tafiya daga ɗaki zuwa zaure take sa shi haki. Wannan gajiya ta gaske ce, kuma bai dace ƴan gida su ɗauke ta a matsayin ragwanci ba. Hannuwa da kafaɗu ne suka karɓi aikin cinya, alhali tsokarsu ƙanana ce, shi ya sa zuciya take ƙara bugawa, kuma ƙarfin da ake kashewa a kowace mita yakan kusa ninka na tafiyar mai lafiya.

Da farko a tambayi likita dalla-dalla: an hana takawa ɗungurungum ne, ko an yarda yatsu su taɓa ƙasa, ko a ɗora rabin nauyi? Amsar tana da muhimmanci, domin riƙe ƙafa a sama ana tsalle da ɗaya shi ya fi kowane salo cin ƙarfi.

Daga nan sai zaɓen abin dogarawa. Sanduna biyu masu kaiwa hammata sun dace da matashi mai ƙarfin damtse. Ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake ɗagawa a ajiye ya fi tsare mutum daga faɗuwa, amma yana da jinkiri, kuma ɗaga shi a kowane taku wani aiki ne na daban. Dattijo, ko mai hawan jini ko ciwon zuciya, a ganina keken guragu ya fi masa idan tafiyar ta wuce cikin gida, sai dai a samu mai tura shi, tun da rairayin unguwannin Maradi yana riƙe taya ƙwarai. Sanda guda ɗaya ba ta isa ga wanda aka hana takawa ba.

Abu na uku shi ne awo, kuma nan ne aka fi yin sakaci, musamman da yake sau da yawa aron sandunan ake yi daga maƙwabci ko a sa maƙeri ya ƙera. Mutum ya tsaya da takalminsa, a bar faɗin yatsu biyu ko uku tsakanin hammata da kan sandar, mariƙin ya zo daidai wuyan hannu idan hannun yana sake, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa kamar digiri 20 zuwa 30, ƙasan sandar kuma ya sauka kimanin santimita 15 gaba da gefen ƙafa. Nauyi a tafin hannu yake zama. Rataya jiki a hammata yana danne jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu, har hannun ya saki. A duba robar ƙasan sandar, domin idan ta cinye, santsin damina ko jiƙaƙƙen siminti na banɗaki zai iya kayar da mutum.

Sannan a raba tafiyar kashi-kashi. A ajiye kujera a tsakar gida da wata kusa da banɗaki, a kawo buta da ruwan sha kusa, a rataya jaka a wuya don hannuwa su zama na sanda kaɗai. A yi taku gajere. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan mutum ba ya iya magana yana tafiya saboda haki, ya zauna har numfashinsa ya dawo. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a bar fita sai da sanyin safiya ko bayan la'asar. Salla kuwa a zaune ta halatta ga marar lafiya.

A wajen hawa dakali ko matakala, lafiyayyar ƙafa ce take fara hawa, sanduna su biyo ta; wajen sauka, sanduna da ƙafa mai ciwo ne a gaba. Idan aka ji ciwon ƙirji, jiri, ko sha-raɓa ta kumbura tana zafi, a daina tafiyar a koma asibiti a ranar, domin kumburin yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya.