Yadda Ake Saka Wa Babban Bas Na'urar Ɗaukar Sauti

Babban bas mai tsayuwa, wato abin kiɗan nan mai tsirkiya kamar ƙatuwar goge, wanda ake jingina wa jiki a kaɗa, muryarsa takan nutse a filin biki idan kalangu da ganga suka tashi. Maganin shi ne fikof, wato 'yar na'urar da ke ɗaukar sautinsa ta kai wa sifika.

1. Zaɓi irin da ya dace. Na maganaɗisu ba ya jin tsirkiya sai ta ƙarfe. Ni na fi son fiyezo, domin girgizar katakon yake ɗauka. A cikin samfuran fiyezo, Realist a ƙarƙashin ƙafar jaki (katakon da tsirkiyoyi ke hawa kansa) yake zama, Underwood kuwa a tsagin fikafikan jakin.

2. Kwantar da bas ɗin rigingine a kan tabarma. Sassauta tsirkiyoyi kaɗan-kaɗan, kar ka sake su duka. Akwai ɗan sanda a cikin cikinsa da matsin tsirkiya kaɗai ke riƙe da shi. In ya faɗi, tada shi aikin gwani ne. In Realist ne, ɗaga ƙafar jaki ta ɓangaren tsirkiya mafi kauri, ka zura fikof, ka duba jakin na tsaye kyam kafin ka ɗaure.

3. Sa firi'am (ƙaramar na'urar da ke ƙarfafa sautin fikof) mai lambar megohm 1 ko fiye a mashigarsa tsakanin fikof da amfilifaya, in ba haka ba sautin zai fito siriri.

4. Ajiye sifika a gefe, ba bayan bas ba, don kar ta yi kuka.

Hunturun Sakkwato na busar da katako. Fikof na tsagi kan yi sako-sako, sai ka cusa 'yar takarda.