Yadda na gyara fitilar motata mai ɗaukewa

Daren Talata ina dawowa Katsina daga Daura, na wuce Mashi kenan fitilun gaba suka ɗauke, biyun lokaci guda. Suka dawo, suka sake ɗaukewa. Gabana ya faɗi, don iyalina na cikin motar.

Da safe na duba ƙwai da fis, lafiya lau. Hankalina sai ya koma kan rile, ɗan akwatin nan mai ƙafa huɗu. Idan ka kunna fitila, 'yar wuta kaɗan ce ke ratsa naɗin waya ta ƙafafu masu lamba 85 da 86, ya zama maganaɗisu, ya jawo wani bakin ƙarfe da ke haɗa ƙafafu 30 da 87, wutar batir ta wuce zuwa fitila. Ƙwai biyu masu wat 55 na jan kusan amfiya 9, kuma duk rabuwar bakin ƙarfen nan sai ya yi tartsatsi. A hankali yake cinyewa. Shi ya sa jin rile ya yi "ƙas" ba ya nufin lafiyarsa ƙalau.

Na musanya shi da na hon, tunda lambarsu ɗaya, fitila ta kama tar. Da na ɓare tsohon, bakin ya yi baƙi ƙirin. Na sayo sabo, na kuma matse soket ɗin, don ya saki.