Darasi na Tara: Ƙaramar Na'urar Karatu ko Babba?

Na'urar karanta littattafai wani ɗan allo ne marar kauri wanda ake zuba wa littattafai ɗaruruwa, mutum ya riƙa juya shafukansu ta hanyar taɓa fuskar allon da yatsa. Ko da yake ta yi kama da wayar hannu, fuskarta ba irin ta waya ba ce, domin ana yin ta ne da abin da ake kira tawadar lantarki, wato ƙananan ƙwayoyi farare da baƙaƙe waɗanda ke tasowa su fitar da rubutu tamkar an buga shi a takarda. Ba ta cin batir sosai sai lokacin da aka juya shafi ko aka kunna fitilarta, shi ya sa caji ɗaya yakan kai makonni, kuma ana iya karatu da ita a tsakar gida da rana tsaka ba tare da rubutun ya dushe ba. Ga wanda ke zaune inda ake yawan ɗauke wuta, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Kamfanin Amazon na Amurka ya fitar da irin wannan na'ura tasa ta farko mai suna Kindle a shekarar 2007, sannan wata mai suna Kobo ta Kanada ta biyo baya a 2010.

Idan mai shago ya ce na'ura inci 6 ce, ba tsawonta yake nufi ba, ba kuma faɗinta ba. Ana auna fuskar ne a karkace, daga kusurwar ƙasa ta hagu zuwa kusurwar sama ta dama, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Fuska mai inci 6 tana da faɗin kimanin santimita 9 da tsawon 12, wato ba ta wuce tafin hannun babban mutum da yawa ba. Mai inci 10 da ɗoriya kuwa, irin Kindle Scribe da ta fito a 2022 ko Kobo Elipsa, ta kusa santimita 16 a faɗi da 21 a tsawo, kamar takardar A4 da aka ninke biyu.

Yawancin waɗanda suka haura shekara arba'in, musamman idan sun fara nesanta takarda daga fuska kafin su ga rubutu, sukan ɗauka cewa raunin ido babbar na'ura yake bukata. Wannan zato shi ne ya fi sa mutane kashe kuɗin da bai kamata ba. Girman harafi a waɗannan na'urori ba ya bin girman fuska, mai karatu ne yake zaɓar sa da kansa. Na taɓa miƙa wa wani dattijo a ajinmu ƙaramar na'ura, ya duba ya mayar mini da ita, ya ce, "Malam, wannan ai sai ku yara." Da na ƙara girman haruffan har layi ɗaya ya koma kalmomi huɗu ko biyar, sai ya cire tabarau ya karanta shafin har ƙarshe. Abin da kawai ya ƙaru a kansa shi ne yawan juya shafi.

Abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne irin littafin da mutum yake karantawa. Akwai littattafan da rubutunsu yake kamar ruwa, duk mazubin da aka zuba shi zai bi siffarsa, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne tsarin EPUB. Idan aka ƙara girman harafi a irin wannan littafi, layukan sukan sake jeruwa da kansu su cika shafin daidai. Akwai kuma PDF, wanda shafinsa a kafe yake kamar hoto. Littattafan addini na Larabci da Ajami, da tsofaffin littattafan Hausa da aka ɗauki hoton shafukansu, da takardun makaranta masu jadawali da zane, waɗanda ake tura wa juna ta WhatsApp, galibinsu PDF ne. Idan aka buɗe shafin A4 a fuska mai inci 6, yakan ƙanƙance ya koma ƙasa da rabin tsawonsa, wasulan Larabci su zama kamar ƙura. Idan aka buɗa shi don ya fito, sai an riƙa jan shafin hagu da dama a kowane layi, alhali tawadar lantarki ba ta da saurin fuskar waya. A fuska mai inci 10 kuwa, shafin yakan fito da kusan kashi bakwai cikin goma na tsawonsa, wanda ido zai iya ɗauka.

Sai dai girma yana zuwa da nauyinsa. Ƙaramar Kindle ba ta kai giram 160 ba, ta fi wayoyi da yawa sauƙi, tana shiga aljihun kaftani, kuma ana riƙe ta da hannu ɗaya a cikin mota ko a layin asibiti. Kindle Scribe ta 2022 ta haura giram 430, ta kusa nauyin ledar ruwan fiya-wata, kuma wanda ya riƙe ta yana kishingiɗe na rabin awa zai ji a wuyan hannunsa. Kuɗinta ya ninka na ƙaramar sau uku ko fiye. Akwai siririn gilashi a ƙarƙashin fuskar yawancin na'urorin nan, kuma mai faɗi ta fi saurin tsagewa idan aka danne jaka a kanta. Abin da babbar ta fi da shi, ban da PDF, shi ne alƙalamin da ake rubutu da shi a fuskarta, wanda zai amfani mai koyon rubutu ko mai riƙe lissafi. Masu inci 7, irin Kobo Libra, sun fi kusa da ƙananan, ba su magance matsalar PDF.

Kafin a biya kuɗi, a buɗe littafin Hausa a na'urar a duba ko ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa daidai, domin wasu nau'o'in haruffa ba su da su, sai a ga ɗan akwati a gurbinsu. Sau da yawa canja nau'in harafin yana gyara matsalar.

Aikin da za a yi kafin zama na gaba shi ne kowane ɗalibi ya nemi kwali da rula da almakashi, ya yanka guda biyu, ɗaya santimita 9 da 12, ɗaya 16 da 21. Ya ɗora kowanne a kan shafin littafin da ya fi karantawa, ya ga yawan rubutun da ya rufe. Sannan ya buɗe littattafan da ke cikin wayarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga nawa ne layukansu ke sake jeruwa idan ya ƙara girman harafi, nawa ne kuma sai ya ja shafin da yatsa, ya rubuta lambobin biyu ya zo da su aji.