Yadda Ake Tunkarar Gasar Besbol ta Kwamfuta, Tsakanin Dabara da Sa'a

A gasar besbol ta kwamfuta, ko a manhajar wasan Out of the Park Baseball ko a Strat-O-Matic na intanet, ba kai ne za ka riƙe sandar bugu ba. Naka shi ne zaɓen 'yan wasa da tsara su, sannan kwamfuta ta buga wasan bisa alƙaluman ƙwazon kowa, ta haɗa da sa'a a ciki. Ai Strat-O-Matic ɗin ma, lokacin da Hal Richman ya fito da shi a 1961, da kati da dayis irin na ludo ake buga shi. Dayis ɗin yana nan har yau, ya dai ɓuya a cikin na'ura.

Da farko, karanta dokokin gasar kafin ka taɓa ɗan wasa ko ɗaya. Nawa aka ƙayyade a kashe? Wasanni nawa ne a kowane karo? A wane fili za a buga? Kada ka raina maganar fili. Filin Coors Field da ke birnin Denver na Amurka yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, iskar wurin ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya da nisa, don haka masu ƙarfin bugu suna cin kasuwarsu a can. A fili mai faɗi kuwa, 'yan tsaron baya, wato masu cafke ƙwallon da aka buga nesa, masu gudu sun fi amfani.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi damuwa da shi. A wasa mai zagaye tara, sau 27 kawai za a fitar da mabuganka, wato a ƙwace musu damar bugu, uku a kowane zagaye, shi ke nan an tashi. Wannan 27 ita ce jarinka. Saboda haka nemi mabugan da ba a saurin fitar da su, masu haƙurin ƙyale mummunar jifa har a ba su matsayar farko kyauta, wato ta farko cikin matsayun da ake zagayawa kafin a ci maki. Sababbin shiga sukan ruɗu da manyan sunaye, su kwashe kuɗinsu a kan mutum biyu, sauran layin ya zama rami. Jera gwanayenka a sahun farko, domin na sama ya fi na ƙasa yawan samun damar bugu. Sannan ka shiga saitin dabaru ka rage sadaukar da ɗan wasa don a matsar da wani gaba, ka rage satar matsaya, wato gudu zuwa matsaya ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba, sai ga wanda ka tabbatar ƙafarsa na da sauri.

Na uku, tanadi jerin mabuga biyu. Bahagon mabugi ya fi jin daɗin mai jifa da hannun dama, na dama kuma ya fi jin daɗin bahago. Duba mai jifan da abokin karawarka zai tsayar, ka sauya jerin.

Sai masu jifa. A doguwar kaka ana bukatar biyar masu fara wasa, amma a gasar sili-ɗaya-ƙwale uku ko huɗu nagari sun wadatar. Kuɗin na biyar ka zuba shi a kan masu karɓar jifa a ƙarshen wasa, kuma ka riƙa duba ma'aunin gajiyarsu kullum.

To, ka yi duk wannan, aka kuma fitar da kai daga gasar. Kafin ka wargaza ƙungiyar, yi lissafi. Idan damarka ta cin kowane wasa kashi 55 ce cikin ɗari, damarka ta lashe karon wasanni bakwai, inda wanda ya fara cin huɗu ke wucewa, kusan kashi 61 ce kacal. Wato sau huɗu cikin goma wanda ka fi ƙarfi ne zai wuce. A zahiri ma haka take. Seattle Mariners sun ci wasanni 116 cikin 162 a 2001, amma New York Yankees suka tare su kafin su kai World Series, karon ƙarshe na babbar gasar besbol ta Amurka. A 2006 kuma St. Louis Cardinals da wasanni 83 suka ɗaga kofin.

Abin yi shi ne ka buɗe takardar sakamakon kowane wasa, ka raba abin da kai ka jawo da abin da dayis ya jawo. Gajiyayyen mai jifa da ka bari a fili, wannan naka ne, gyara shi. Gwanin da aka fitar sau takwas a jere kuwa, bar shi a gurbinsa, ka rubuta sakamakonsa a gasa goma ko fiye kafin ka yanke masa hukunci.