Yadda za ka fita yawo da kare mai rawar kai a garin Garwa, Kamaru

1. Fita da asuba ko gab da magariba. A Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, kwalta na ƙona masa tafin ƙafa. Taɓa ta da bayan hannu. In ba ka jure ba, shi ma haka.

2. Kada ka ɗaura masa igiya yana tsalle, sai ya zauna.

3. Ya ja, ka tsaya cak. Igiya ta yi sako-sako, sannan ku ci gaba. Ni dai ranar farko da ƙyar muka kai bakin titi.

4. Riƙe guntun dafaffiyar hanta, ban da kilishi saboda yaji. Akuya ko babur ya gifta, ya dube ka maimakon ya bi, ba shi nan take.

5. Kauce wa ƙofar masallaci. Allurar haukan kare kuwa, tun kafin fitar farko.