Darasi na 9: Kurkum da masoro don ciwon gaɓoɓi

Ranar Laraba a aji wata baiwar Allah daga Tudun Wada ta ce gwiwa ta matsa mata har sai a zaune take sallah, an ce ta riƙa shan kurkum, ta yi wata guda tana sha amma shiru kake ji. Na ce Inna yaya kike shan sa? Ta ce a ruwan randa take kaɗawa ta shanye. To a nan gizo ke saƙar.

Kurkum, wanda wasu ke kira gangamau, yana da wani sinadari mai suna kurkumin, shi ke ba shi ruwan ɗorawar nan da ke ɓata yatsa, shi ne kuma ke rage kumburi. Sai dai ɗan kaɗan ne, kusan kashi 3 cikin 100 na garin, ga shi ba ya narkewa a ruwa sai a mai, wanda ya shiga jiki ma hanta ba ta barin shi ya daɗe. Masoro kuwa yana da wani sinadari mai suna fiferin, shi ke rage wa hanta wannan saurin. A 1998 likitoci a Indiya sun gwada sinadarin kurkumin giram 2 tare da fiferin miligiram 20, abin da ya shiga jini ya ninka kusan sau 20.

Saboda haka idan kin zuba man gyada za ki soya albasa, ki sa rabin ƙaramin cokali na kurkum, ki ɗibi dakakken masoro da yatsu biyu ki barbaɗa, sannan ki ci gaba da faten wakenki ko dafa-duka. Da daddare a madara mai ɗumi ma ya yi. Ni na fi so a sayi saiwar a kasuwar Sabon Gari a daka a gida, don garin da ake ƙullawa a leda wani lokaci ana haɗa shi da kala.

Don Allah a ji ni da kyau, mai shan maganin tsinka jini, mai tsakuwa a matsarmama, mai ciki, da wanda za a yi wa tiyata, kada su wuce ɗan na miya sai sun tambayi likita. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi kuwa a tafi asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya kawai.

Aikin gida: ki rubuta sunan miya 3 da za ki iya sa kurkum da masoro a ciki.