Miyar taushe a Ingila ba tare da aljihu ya koka ba

Yawancin sababbin zuwa Ingila sukan ɗauka cewa duk abin da zai shiga tukunyar miya sai an sayo shi a kantin 'yan Afirka. Kantunan suna da amfani, domin a unguwar Peckham ko kasuwar Ridley Road da ke Landan da wuya a nemi kayan gida a rasa, amma kayan nan sun sha doguwar hanya, kuma kuɗin dakonsu a kan mai saye yake ƙarewa. A ganina, abin da ya cancanci a saya a can bai wuce daddawa da manja ba. Sauran kayan miyar taushe kusan duk ana samunsu da araha a manyan kantunan Aldi ko Lidl, ko a kantunan 'yan Pakistan da Indiya da ke unguwa.

Kabewa ita ce uwar wannan miya, kuma wadda ta fi kusa da tamu ita ce mai siffar gora da ake kira butternut, domin tana da zaƙi kuma tana narkewa ta ba miya kauri. Manyan kabewar da ke cika kantuna a watan Oktoba don ado ake sayar da su, ruwa ne kawai a cikinsu, saboda haka kada araharsu ta ruɗe ku. Tumatirin gwangwani mai giram 400 ya fi ɗanyen tumatir ja da sauƙin kuɗi, musamman da hunturu. Alayyafon da aka daskarar ya fi ɗanye auki nesa ba kusa ba, shi kuwa ɗanyen da zarar ya ji zafi sai ya koma ɗan mitsitsi. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa tana nan a kwalba, sai dai a karanta jikin kwalbar a zaɓi wadda ba a sa wa sukari ba. Yakuwa ce mai wuyar samu, amma ɗan ruwan lemon tsami a ƙarshen girki yana kawo tsamin da ake nema.

Wajen nama ne kuɗi ya fi tafiya, kuma nan ne ya kamata a saba da mahaucin halal na unguwa. Ƙashin rago da wuyansa, ko tsohuwar kaza mai tauri, sun fi tsoka araha kuma sun fi ta ba da romo mai ɗanɗano. A dafa ƙashin da albasa da citta da daddawa a kan wuta kaɗan har ya saki, a zuba kabewa cikin romon ta yi laushi a farfasa ta, sannan a ƙara soyayyen tumatir da tattasai da attaruhu. Gyaɗar a dama ta da romo kafin a zuba don kada ta yi gudaji, alayyafo kuma shi ne na ƙarshe. Kada a bar manja ya yi hayaƙi, domin ƙararrawar gobara tana iya tayar da duk mutanen gida.

Mai shirin tahowa daga gida ya sani cewa dokar Birtaniya ta hana shigo da nama da kayan madara a jaka, wanda ya haɗa da kilishi da man shanu.

Tunda gas da lantarki suna da tsada, gara a yi babbar tukunya sau ɗaya a raba ta cikin ƙananan robobi. Ta cin kwana biyu ta zauna a firji, sauran a daskarar, kuma idan da wasu ake zaune a gida ɗaya, a rubuta suna da kwanan wata a murfi. Tuwo kuwa, garin shinkafa ko samolina na kantin 'yan Indiya ya wadatar.